Wadda Ba Ta da Lambar Waya

Magariba ta kawo jiki, Injiniya na falo gaban kwamfutarsa, matarsa na kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Na biyu ya biyo baya. Daga nan wani wari ya cika gidan, irin na mushen ɓera a bayan firji, har ta toshe hanci da gefen mayafi.

Kwana uku ana haka. A na huɗu 'yarsu ta fari ta zauna a ƙofar falo, ta kafe mahaifinta da ido, tana tofar da yawu kusa da ƙafarsa. Yarinyar da ko tari ba ta yi a gaban babba! Ƙyama da tsoro suka haɗe wa uwar, ta kira malam.

Malam bai yi nisa da karatu ba, wata murya mai kauri ta fito daga bakin yarinyar.

"Malam, daina ƙona ni. Tambayi wannan malalacin abin da ya yi wa tsohuwata."

"Wace tsohuwa?"

"Wadda nake zaune a gidanta. Wata biyu asibiti bai kai mata maganin suga ba, wai babu sunanta."

 Injiniya ne ke kula da rumbun bayanan asibitin. Da ƙyar ya faɗi gaskiya: umarnin SQL da ya rubuta wa kwamfuta don fitar da sunayen masu karɓar magani yana haɗa jerin marasa lafiya da na lambobin waya, kuma haɗin yana zubar da duk wanda ba shi da lamba. Ya ga adadi bai cika ba, sai ya cusa wani ƙaramin umarni a cikin babban don jimilla ta yi daidai. Rufa-rufa kawai.

"Baban yara, ka gani ka yi shiru?" in ji matar. "Tir!"

"Ya mayar da sunanta yanzu, in fita," in ji muryar.

"Ka rantse ba za ka dawo ba," in ji malam.

"Na rantse. Ni ma zaman gidan nan ƙyama yake ba ni."

Injiniya ya goge ƙaramin umarnin, ya sauya haɗin ya riƙe kowa, da mai lamba da maras ita. Ko minti biyar bai ɗauka ba, abin da ya ƙara ɓata wa matar rai ke nan. Yarinyar ta yi atishawa, ta sulale a cinyar uwarta, warin ya ɗauke.

Matar ta leƙa kwamfutar. Sunaye arba'in da ɗaya suka dawo.

"Wanne ne na tsohuwar?"

Injiniya ya nuna ɗaya da yatsa, mai karɓar maganin suga.

"Sauran arba'in ɗin fa?"

 Malam yana sa takalminsa, ko waigowa bai yi ba.

"Su ba su da aljani," ya ce.