Sarauniyar da Ta Ɓace Daga Kartar Anti Adjara

Na jingina wayar da kwalbar ruwa, don mahaifiyata Mma ta ga tabarmar daga Kumasi ta kiran bidiyo.

"Adjara, buga mu gani," in ji Mma. "In ya fito da sharri, shi ke nan, babu maganar aurenta da Aruna."

Anti Adjara ƙawar Mma ce, ita ke riƙe da ni a unguwar Nu'aija tun da na zo ƙasar Larabawa aikin shagon shayi a kasuwar Souq Waqif. Takan yi wa mata duba da karta. Kowa da ɗan kartarsa da ke tsaya masa, gwargwadon launin fatarsa. Nawa baƙar sarauniya ce. Abin da ya faɗo kusa da ita, wai shi ne rabona.

Ni kuwa na san abin da zai faɗo. Ɗan yayarta Sherif take so ta liƙa mini, kuma hannunta ya fi ido sauri.

Ta baza kartar, ta tattara, ta sake bazawa.

"Ina sarauniyar Zuleiha?"

"Ɗauki ɗaya baƙar mana," in ji Mma.

"Haba! Wannan ta zawarawa ce. So kike in jawo wa 'yarki?"

Sai Aruna, da ke durƙushe bakin ƙofa da rigar aikinsa ta direba, ya yi gyaran murya. Ya zaro ta daga bayan katinsa na izinin zama, duk ta lanƙwashe da gumi.

"Mma, ku gafarce ni. Ranar da na zo gaisuwa na ɗauke ta. Na kasa jurewa in ga ana jujjuya Zuleiha cikin karta kamar ba ta da baki... Allah kaɗai ya san gobe. In za ku hana ni, ku tambaye ta, ku hana ni da bakinku."

Mma ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Zuleiha," in ji Mma a hankali, "kina son shi?"

Wata takwas ana wannan maganar, ba wanda ya taɓa tambayata. Na fashe da kuka.

"Ina son shi, Mma."

"To, ya turo manyansa."

Anti ta yi tsaki, ta ce a biya ta kartarta. Washegari Aruna ya kawo mata sabuwa dal, har da turare.

Wallahi har gobe ina gode wa Allah da ya haɗa ni da wannan ɓarawon nawa. Shekararmu biyu da aure, sarauniyar tana nan bayan katinsa, ta koɗe har fuskarta ba ta ganuwa. Na ce ya yar, ya ce, "Rabin raina, ai ba a mayar da abin da aka sha wuyar sata."