Marainiyar da Ta Ƙi Janye Ƙara

Wayyo duniya! Ni da na ga jiya na ga yau, na binne sa'o'ina kaf, ban taɓa ganin wahala irin ta Auta ba. Marainiya ce, lauyar gwamnati, ita ta gurfanar da ƙanin Minista, ɗan kwangila, kan ginin makarantar da ya rufta kan yara saboda ha'incin siminti. Tun daga ranar, zama ya gagare ta... Waya ta yi ƙara ta zabura, a taɓa ƙofa gabanta ya faɗi!

Shugabanta ya kira ta. "Janye ƙarar nan, zaɓe ya matso. Daga sama aka ce."

"Ranka ya daɗe, iyayen yaran fa?"

"Ke kika haifa musu?"

Ta ƙi. Sai aka biyo ta gida. Kawun da ya riƙe ta ya zo da dattawa, ya cire hularsa ya ajiye a gabanta. "Auta, an yi wa ɗana alkawarin aiki. Furfurata za ki kunyata?" Ta durƙusa tana kuka. "Kawu, ka yi mini rai, haƙƙin ba nawa ba ne balle in yafe!" Ya kaɗe rigarsa: "Daga yau ba ni ba ke!" Dangi suka daina amsa sallamarta, mijinta ya ce ta tafi gida sai ya neme ta... Wane gidan? A ofis aka ƙwace shari'ar, aka mayar da teburinta bakin matakala, ana raɗe-raɗin ta ci hanci. Kullum tana kai-kawo a barandar kotu, hawaye shaɓe-shaɓe: "Ya Allah, kai ne gatan mara gata!"

Aka miƙa shari'ar ga abokin aikinta da ake kira Ba-musu, don bai taɓa ce wa na sama a'a ba. Ranar janyewa ya miƙe, ya dubi iyaye mata jere a benci, ya hango Auta ta taga... Sai ya ce, "Ya mai shari'a, shaidunmu suna nan. A ci gaba!"

Allahu akbar! Shaidu suka tona asirin komai, ƙanin Minista ya tafi gidan yari, aka sallami shugaban ofis, aka mayar da Auta kujerarta. A bakin kotu uwar ɗaya daga cikin yaran ta ƙanƙame ta tana kuka: "'Yata, na ji ba ki da wurin kwana. Ɗakin ɗana yana nan a share, zo mu tafi."