Hannun Auduga

Ranar da aka kai ƙarar mutuwar Tela, ina kwance a babban asibiti, idanuna rawaya kamar kwaiduwar ƙwai. Ciwon da ya kashe shi ne ya kama ni. Shi saurayi ne da ƙarfinsa, ni kuwa haƙoran bakina ma sun gaji sun gudu, amma ga ni zaune ina ba ku labari. Mota ta taɓa kifewa da ni, rijiya ta taɓa ruftawa a kaina, duk na fito na kakkaɓe riga. Ban taɓa zama a aji ba. Amma babu abin da ya faru a binciken nan da ya wuce ni, don Kofur ɗin da ke bin Sufeto ɗan ƙanwata ne, kuma bakinsa ba ya rufuwa.

Yayan matar Tela ne ya faɗa ofishin 'yan sanda da hantsi, yana haki.

"Yallaɓai, an kashe mana mutum! Da allura aka kashe shi!"

Sufeto ya ajiye biro. Dogo ne, ba ya dariya, ba ya ɗaga murya.

"Zauna. Wa ya kashe shi?"

"Sabuwar nas ɗin ƙaramin asibitin unguwarmu. Mai Ƙusa ake ce mata. Likitocin babban asibiti sun ce ciwon hanta ne, ta jini ya shige shi. Kuma ba shi kaɗai ba, akwai wasu a kwance. Duka a can aka yi musu allura."

"Ina take yanzu?"

"Jama'a sun kewaye asibitin. In ba ku yi sauri ba, gawa za ku ɗauko."

Da ƙyar suka fito da ita ta tsakiyar mutane, hularta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Yarinya ce ƙarama, wannan ne aikinta na farko. Aka kulle ta a bayan kanta a ofishin 'yan sanda. Babban jami'in ofishin ya ce wa Sufeto unguwa ta ɗauki zafi, in bai kawo wani abu dabam ba, kotu za a tura ta da laifin kisa.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙarfen.

"Me ya sa suke ce miki Mai Ƙusa?"

"Sun ce allurata da zafi, yallaɓai."

"Da zafin?"

"Allura ce. Yadda aka koya mini nake yi."

"Kin taɓa yi wa mutum biyu da sirinji ɗaya?"

"Ko na so ba zai yiwu ba. Ka je ka gani da idonka."

Ya je. Ƙaramin asibitin ɗaki uku ne da baranda: ofishin Likita, ɗakin magani, sai ɗakin allura da aka raba da labule. Kowane ɓangare da teburinsa, da kwalinsa na zubar da allurai mai ƙaramin baki a sama. Likita na ta share gumi, kujerarsa yake ji, ba gawar Tela ba.

Ya yaga leda ya fito da sirinji, ya zuƙi ruwa a kofi.

"Duba, Sufeto. Na da, sai ka wanke ka sake. Wannan kuwa akwai ɗan haƙori a cikinsa. Da ka tura sandar ta kai ƙarshe..."

Ya tura. Sirinjin ya ce ƙas.

"Ja ta baya."

Sufeto ya ja, ta ƙi. Ya ƙara ƙarfi, sandar ta karye a hannunsa.

"Ka gani? An sa mata wuri mai rauni da gangan. Sau ɗaya yake aiki, ya mutu. Kowace yamma ni da kaina nake leƙa kwalayen, duk a kulle suke. A asibitina ba a maimaita sirinji."

"To ciwon daga sama ya faɗo?"

Sufeto ya nuna bayan labule.

"Wa ke ɗaya teburin?"

"Baba ne. Hannun Auduga ake ce masa. Tun kafin a haife ni yake allura. Shi kam ka cire shi a lissafi."

Baba na zaune a baranda cikin farar rigarsa mai manyan aljihu, fes da ita, mata na ta zuwa suna yi masa jaje. Dattijo ne mai fara'a. Rabin unguwar nan shi ya yi musu allurar farko a duniya. Yaro zai zo yana tsala ihu, ya tashi yana tambaya ko an gama.

"Baba, wa ya yi wa Tela allura?"

"Yarinyar nan ce, ɗana. Na sha gaya mata ta bi a hankali. Yaran yanzu sai takarda, babu hannu."

"Kai ba ka taɓa yi masa ba?"

"Bana dai ban tuna ba."

Daga nan Sufeto ya wuce gidan Tela. Keken ɗinkin na zaure an rufe shi da zane, da rigar wani a ƙarƙashin allurar, ba a gama hannu ɗaya ba. Matar ta fito da jariri a kafaɗa, yayanta tsaye a kanta.

"Baiwar Allah, wa ya yi wa mijinki allura?"

Ta kalli yayanta. "Mai Ƙusa ce."

"Kina wurin?"

"Ita ce mana, yallaɓai, kowa ya sani," in ji yayan.

"Kofur, raka shi waje ya sha iska."

Da suka fita, Sufeto ya tsuguna don kada ya yi mata tsaye a ka.

"Yarinyar can za ta iya ƙarewa a kurkuku. In ita ce, ta je. Ina so in ji daga bakinki ne kawai."

Matar ta daɗe tana jijjiga jaririn.

"Shi fa tsoron allura gare shi, yallaɓai. Mutum yana wuni da allura a hannu, amma in ya ga ta asibiti sai jikinsa ya hau rawa. Ina yi masa dariya. Zazzaɓin da ya yi kwanakin baya, ni na raka shi. Layin yarinyar babu kowa, ya ƙi. Ya ce ko zai wuni, Baba zai jira."

"Kullum?"

"Kullum. Amma Baba ba zai cuce mu ba. A gabanmu yake yaga sabuwar leda."

Washegari sai ga Sufeto a bakin gadona. Ya bi marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, duk sun galabaita, ba mai iya haɗa magana biyu. Ni kuwa ina zaune ina faɗa da masu jinya a kan sun hana ni gishiri.

"Sannu, dattijo. Wa ke maka allura a ƙaramin asibiti?"

"Hannun Auduga. Ni ba tsoro nake ji ba, ka sani. An taɓa ɗinke mini cinya ba maganin kashe zafi, ina hira. Sabo ne kawai."

Ya fito da sabon sirinji daga aljihu, ya tura shi a iska kusa da kunnena. Ƙas.

"Ka san wannan ƙarar?"

"Na sani. Ta bayan labule nake jin ta, wurin yarinyar. Kunnena ko kiyashi ya yi tuntuɓe sai na ji."

"A teburin Baba fa?"

Na gyara zama ina tunani. Ni ba a yi mini gaggawa.

"Ban taɓa ji ba."

"Ka tabbata?"

"Yaro, na ce maka ban taɓa ji ba."

Bai ce na gode ba. 'Yan sanda ke nan.

Ya koma ƙaramin asibitin, ya sa aka kawo kwalayen biyu ofishin Likita. Ya sa safar hannu, ya farke na yarinyar da reza, ya zazzage a faranti. Ya riƙa ɗaga sirinjin ɗaya ɗaya yana duba su a hasken taga. Duka a kulle, kowanne da ɗan ɗigon magani a bakinsa, wani fari, wani ruwan ɗorawa.

Ya farke na Baba. Su ma duka a kulle.

"Ka gani ko?" in ji Likita. "Na gaya maka."

"Zo ka duba da kyau."

Likita ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga wani, ya ɗaga wani. Kusan duka a bushe suke ƙayau, kamar yanzu aka fito da su daga leda. Ko ɗigon magani bai taɓa shiga cikinsu ba.

"Kai kulle kake dubawa," in ji Sufeto. "Ba ka taɓa duba ko sun yi aiki ba. Kofur, kira mini Baba."

Baba ya shigo da sallama. Ya ga farantin, fara'arsa ta ragu kaɗan.

"Baba, waɗannan naka ne?"

"Nawa ne."

"Wane magani ka yi da su?"

"Iri-iri, ɗana."

"A bushe suke."

"Zafi ake yi. Magani na bushewa."

"Na yarinyar bai bushe ba, kuma ɗaki ɗaya kuke. Matar Tela ta ce kai kake masa allura. Wani mara lafiya ya ce naka ba ya cewa ƙas. Fito da abin da ke aljihunka."

"Ni za ka caje? Na haifi kamarka!"

"Kofur."

"Bari, bari. Kada ka taɓa mini riga."

Ya sa hannu a aljihun dama ya fito da wani abu naɗe a auduga. Sirinji ne ba allura a bakinsa, lambobin jikinsa sun soma gogewa. Sufeto ya ja sandar, ta biyo shi sumul. Ya tura, ta tafi sumul.

"Kada ka kai ta ƙarshe!" in ji Baba da sauri. "Za ka kashe shi."

Baba ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Sai ya ja kujera ya zauna, ya gyara rigarsa, ya soma magana kamar mai koyar da yara.

"Ku ba ku san allura ba. Da, na gilashi muke da shi, yana tafiya kamar an shafa mai. Waɗannan na robar, sabo tauri gare shi. Ka tura ya cije, ka ƙara ya zabura. In ya zo kullewa ya girgiza allurar a cikin naman mutum. Shi ne zafin da suke ji a hannun yarinyar. Ni kuwa in na samu wanda ya yi laushi, sai in riƙe shi. In tsaya saura kaɗan, kafin haƙorin ya kama. Ba ya kullewa."

"Ledar da kake yagawa a gabansu fa?"

"Allurar nake cirewa in sa a nawa. Kowa da sabuwar allurarsa, wallahi ban taɓa maimaita allura ba! Ita ce ke shiga jiki. Sababbin sirinjin kuwa in an tashi sai in tura su su kulle, in zuba a kwali, Likita ya gani hankalinsa ya kwanta."

Likita ya dafe kai. "Baba, ba kana ja baya kaɗan ba, ka ga ko ka shiga jijiya?"

"Dole. Haka aikin yake."

"To jinin da ido ba ya gani yana komawa cikin bututun. Ka tura wa na gaba. Ka tsoma a kwalbar magani, ita ma ta ɗauka. Don haka aka yi shi ya mutu bayan mutum ɗaya!"

"Wanda ya ƙera shi bai taɓa riƙe yaro yana kuka ba," in ji Baba. "Da cuta ce, da na yi wa iyalina da shi? Uwar 'ya'yana da shi nake mata. Jikokina da shi nake musu."

Sufeto ya dube shi.

"Yaushe ka yi musu na ƙarshe?"

Bai jira amsa ba, ya juya wajen Likita.

"Likita, a aika a kwaso su yau a gwada jininsu. Da duk wanda ya taɓa zama a teburin nan."

Sai a lokacin dattijon ya kalli hannuwansa. Ya daɗe yana kallonsu.

"Ka san ba ita ba ce," in ji Sufeto. "Ka bar ta ta kwana a bayan kanta."

"Na ɗauka ciwon daga wani wuri ne. Na ce ita yarinya ce, za ta samu wani aikin. Ni in na bar nan, ina za ni?"

"Yanzu ka samu wurin zuwa. Miƙo hannu."

Ɗan ƙanwata ya ce shi ya sa ankwar, kuma bai iya kallon fuskarsa ba, don shi ma Baba ne ya yi masa allura yana ƙarami.

Da aka fito da shi baranda, mata suka ɗora hannu a ka. Maza suka bi motar suna dukan ƙarfenta, suna cewa sharri ne, a saki dattijo. Har da yayan matar Tela a cikinsu. Wata tsohuwa da jikanta ke kwance kusa da gadona ta kwanta a gaban taya, sai da aka ɗauke ta.

Da yamma aka saki yarinyar. Sufeto ya ce mata ba ta da laifi, ta ce ta sani. Ta koma asibitin ɗaukar jakarta, Likita ya ce gara ta ɗan huta tukuna, har unguwa ta huce. A bakin ƙofa wata mata ta tofar da yawu, ta ce, "Da hannunki da daɗi, da duk wannan bai faru ba."

Ba direban da ya yarda ya ɗauke ta. Kofur ne ya riƙe mata jaka har tasha, a ƙafa. Babu wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Har yau in zancen ya taso a unguwarmu, ita ake zagi.