Allon Injin Baba Stas

Renata tana kan tsani tana shafa fenti a falon gidan mahaifinta da ke Chicago ta ji ihu daga ɗakin ƙasa. Ta yar da burushi ta sauka a guje.

Mahaifiyarta, Mama Halina, ce tsaye a wurin. A gabanta injin wasan finbol ɗin marigayi mijinta Stas ne a wangale kamar an feɗe rago: gilashi a jingine, wayoyi na reto, allon katakon da ƙwallon ƙarfe ke yawo a kansa kuwa an cire shi an kwantar a benci. Lyle, mijin Renata, na gefe riƙe da sukundireba.

"Wa ya sa ka? Na ce wa ya sa ka!"

"Mama, ambaliyar bara ta ci katakon, ƙwallo ko gangarawa ba ta yi. Sabon allo na samo, zanensu ɗaya—"

"Zanensu ɗaya! Kullum Stas ya dawo daga masana'anta a kan allon nan yake huce gajiya. Gida na ba ku ku gyara, ban ba ka mijina ka farke ba!" Ta juya kan 'yarta. "Tun ranar da kika kawo min shi na gaya miki ba ya barin abu yadda ya same shi. Ko ya fita shi kaɗai, ko ku fita tare. Zaɓi!"

Ta buga ƙofa ta koma ɗan gidan hayarta. Renata ta fashe da kuka, ta hau Lyle da faɗa.

"Ka tambaye ta? Ni ka tambaye ni?"

"Surprise na so na yi muku, bebi."

"To ga surprise nan ka gani! Ka raba ni da uwata a kan katako!"

Amma ba ta kore shi ba. Da Mama ta ji haka ta daina ɗaga wayarta, ta sauya wurin zama a coci, ta sa 'yan'uwa suka riƙa kiran Renata suna cewa ta fifita namiji a kan wadda ta haife ta. Renata ta rame, magana kaɗan sai ta zama rigima. Lyle bai taɓa ramawa ba. Duk safiyar da ƙanƙara ta zuba yakan je ya share ƙofar Mama, ita kuwa ta ja labule.

Ya gama mayar da fitilu da wayoyi kan sabon allon, amma ya ƙi saka shi. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar Mama.

"Me kuma ka zo lalatawa?"

"Mama, na yi laifi, na taɓa abin da ba nawa ba. Alluna biyu na nan. In kin ce tsohon, shi zan mayar ko da ba zai ƙara aiki ba."

Ta daɗe tana hararar sa, sannan ta ɗauko rigar sanyinta.

A ɗakin ƙasa ta shafa tsohon allon, gefensa ya ruguje a hannunta kamar gari. Hawaye suka zubo mata.

"Saka sabon. Wannan kuma ka kai min gida, kusa da gadona nake son sa."

Da aka kunna, fitilu suka kama, ƙararrawa ta buga. Mama ta harba ƙwallo da kanta.

"Hannun hagun nan mai buga ƙwallo ba shi da ƙarfi, ragon banza! Ka gyara shi, sannan ku zo ku ci abinci, na dafa pierogi."

Renata ta rungume ta tana kuka tana dariya.

Kyakkyawar niyya ba ta isa a taɓa abin da wani ke makoki a kansa ba tare da izini ba. Wanda ya yi kuskure kuma, haƙuri da saukar da kai ne ke mayar masa da gidansa.