Ranar da Aka Sace Gwaggo Pearl

Insfekta Lorna Teague tana cikin shan kofi a ofis waya ta yi ƙara. Muryar wani dattijo ce.

"An sace mini Gwaggo Pearl."

Da wani ɗan sandan ne, da ya tambayi shekarun matar da kalar rigarta. Lorna kuwa ajiye kofin ta yi ta ɗauki makullin mota. Duk wanda ke wannan yanki na Oklahoma ya san Gwaggo Pearl ba mutum ba ce. Tsohuwar bindiga ce mai gindin katako, wadda Virgil Ostrander ya gada wurin kakansa.

Shi Virgil, da kowa ke kira Kawu, tsohon manomi ne da ya yi suna a intanet bayan furfura ta gama cin kansa. Yakan jera kankana da kabewa a bayan gonarsa, ya raɗa wa kowace suna, ya karanta mata laifinta, sannan ya yanke mata hukunci da harsashi. In ya kuskure, sai ya cire hula ya ba kabewar haƙuri. Mutane na dariya har da hawaye, amma ko sau ɗaya ba a taɓa ganin bakin bindigarsa ya kalli mutum ba. Lorna kanta da bidiyonsa take rarrashin mahaifinta ya sha magani.

Ta same shi tsaye a rumfar aikinsa, gaban akwatin ƙarfen da yake kulle bindigoginsa.

"Sannu Kawu. Yaushe rabonka da ita?"

"Ranar Asabar, 'yata. Na goge ta, na kulle. Yau Litinin na buɗe, wayam. Har da kwalin harsashinta."

Lorna ta durƙusa ta duba ƙofar akwatin. Babu alamar guduma, babu ƙwarzane.

"Ba fasawa aka yi ba. Wa ya san lambobin?"

"Ni da Marnie, 'yata mai ɗaukar mini bidiyo. Tun da na ga haka na sauya su."

"Sauran bindigogin fa?"

"Duk suna nan. Ɓarawon nan ya san abin da ya zo nema." Ya share ido da bayan hannu. "Ba tsufanta ne ya dame ni ba. Bindigata ce tana yawo a hannun da ban sani ba. In ta taɓa wani, ni ina zan sa kaina?"

Marnie tana cikin kicin tana yanka burodin masara. Ta amsa gaisuwa ba ta ɗago kai ba.

"Kin zo nan jiya Lahadi?" in ji Lorna.

"A'a. Daga coci gida na wuce."

"To motar wa maƙwabcinku ya gani a ƙofar rumfa da hantsi? Ja ce, mai fasasshiyar fitila."

Wuƙar ta tsaya. Marnie ta leƙa taga ta tabbata mahaifinta ba ya kusa, sannan ta rage murya.

"Don Allah kada ki faɗa masa. Jibi zai cika shekara saba'in da biyar. Masu kallonsa suka haɗa masa wata ƙatuwar kabewa, sai da muka haɗu mu uku muka sauke ta. Na ɓoye ta bayan ciyawa. Ko kusa da akwatin ban je ba."

Lorna ta je bayan ciyawa. Ga kabewa nan kamar ɗan maraƙi ya kwanta. Ta dawo tana murmushi, amma ba ta gama ba.

"Kin taɓa faɗa wa wani lambobin?"

"Ko mijina bai sani ba."

"Kin taɓa ɗaukar Kawu yana buɗe akwatin?"

Marnie ta dafe baki.

"Makon jiya. Na manta kyamara a kunne, ta kama hannunsa yana juya lambobin. Amma na yanke wurin kafin in saka a intanet."

"Wanda ba ki yanke ba fa, wa ya gani?"

"Trent Halvorsen. Baƙonmu ne a wannan bidiyon. Ya ce in tura masa duka, zai gyara nasa ya saka a tasharsa."

Gidan Trent yana can bakin babban titi. Matashi ne mai gyararren gemu, bangon ɗakinsa cike da sababbin bindigogi masu ƙyalli. Wata 'yar ƙaramar yarinya tana wasa da keke a tsakar gida. Ya tarbi Lorna da fara'a fiye da kima.

"Kai, abin bai yi daɗi ba. Kawu kamar uba yake a wurina."

"Marnie ta ce ta turo maka hoton da ba a yanke ba."

"Ta turo. Ko buɗewa ban yi ba, aiki ya yi mini yawa."

"Jiya da rana kana ina?"

"Ina filin bayan gida ina ɗaukar sabon bidiyo. Duba ma, ɗazu na saka shi."

"Ka taɓa harba Gwaggo Pearl?"

Ya yi dariya. "Ni? Na roƙe shi har na gaji. Cewa ya yi Gwaggo ba ta shiga hannun wanda bai iya gaisuwa ba."

Lorna ta yi masa sallama. A mota ta buɗe wayarta ta kalli bidiyon. Trent ne yana surutu da sauri, yana harbin faranti da sabuwar bindiga, babu abin dariya ko ɗaya. Har ta kai hannu za ta kashe, sai idonta ya sauka kan teburin da ke gabansa. Cikin tarin ƙananan kwanson harsashi akwai wani dogo, mai kauri, da ɗigon kore a gindinsa.

Ta koma gona ta nuna wa Virgil hoton. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne. Harsashin Gwaggo ba a samunsa a kanti, ni nake ɗurawa da hannuna. Wannan koren jan farcen marigayiya matata ne. Da shi nake yi musu alama don kada su gauraya da wasu."

"Akwai wani mai yin haka?"

"Wa zai sayi wannan kalar in ba ita ba? Allah ya ji ƙanta, ba ta da ido a kan kwalliya."

Da la'asar Lorna ta koma gidan Trent da takardar izinin bincike da 'yan sanda biyu. Virgil ya nace sai ya bi su, ta ce to, amma ya tsaya a bayanta.

Ta ajiye wayar a gaban Trent, hoton a buɗe.

"Ka ce ba ka taɓa harba ta ba. Wannan kwanson daga sama ya faɗo?"

"Wataƙila a gonarsa na tsinto shi."

"Ƙarya kake yi, yaro," in ji Virgil daga baya. "Ban taɓa barin kwanso a ƙasa ba. Tambayi jikokina, har kuka suke yi in na sa su tsinta."

Trent ya dubi ƙofa, ya dubi 'yan sandan. Sai ya zauna a kan kujera.

"Tana gareji, ƙarƙashin bargo. Lokacin da suke coci na shiga." Ya sunkuyar da kai. "Na rantse mayarwa zan yi. Da na dawo da ita yau da safe, na hango shi a rumfar, sai na tsorata."

"Me ya kai ka?" in ji Lorna.

"Ke ba za ki gane ba. Bindigogina sun fi nasa, kyamarata ta fi tasa. Amma ranar da muka yi bidiyo tare, kowa shi yake yabo, ni kuwa ana tambaya wane ne wancan mai gemun. Na ce ko sirrin a bindigar yake. Na harba ta jiya, na kalli hoton." Ya yi wata busasshiyar dariya. "Ni ne dai. Babu abin da ya sauya."

Ɗan sanda ya fito da bindigar a naɗe cikin bargo. Lorna ta sa safar hannu, ta juya bakinta ƙasa, ta ja mariƙin da ke buɗe cikinta. Harsashi ya faɗo ya gangara kan siminti, koren ɗigon yana juyawa, har ya tsaya kusa da tayar keken yarinyar.



Fuskar Virgil ta sauya. Lorna ta sha kallon mutumin nan, ba ta taɓa ganin ya ɓata rai ba sai yau.

"A ɗure ka ajiye ta?" Muryarsa ƙasa-ƙasa. "A ƙarƙashin bargo, a inda 'yarka take wasa?"

Bai jira amsar Trent ba, ya ci gaba.

"Da ka zo ka ce, Kawu, koya mini yadda ake sa mutane dariya, da na zaunar da kai na ba ka kofi. Satar ma, da na roƙi Insfekta ta sassauta maka. Wannan kuwa ba zan roƙa ba."

Lorna ta ce a kai yarinyar wurin mahaifiyarta cikin gida tukuna. Sai da aka rufe ƙofa sannan ta fito da ankwa. Trent ya miƙa hannuwansa da kansa. Aka wuce da shi mota, bai waiwayo ba.

Virgil ya tsaya yana kallon bindigarsa ana saka ta cikin jakar shaida.

"Sai an gama shari'a za ka same ta, Kawu," in ji Lorna.

"Ba komai, 'yata. Ku dai riƙa goge ta da mai, ba ta son raɓa." Ya gyara hularsa, ya nufi ƙofar gidan.

"Ina kuma za ka?"

"Matar nan da 'yarta ba su saci komai ba. Bari in ga ko suna da wanda zai zauna da su."