Motoci Biyu a Gindin Orah

Da yammacin da Mensur ya dawo gida da mota ta biyu, tsuntsayen da ke kan tsohuwar bishiyar orah suka yi tsit. Surukinsa dillalin motoci ne a garin Zenica, shi ya ba shi aron ƙananan jif biyu 'yan gwanjo, baƙa daga Jamus, fara daga Suwidin, ya gwada ya zaɓa. Mensur ya kasa. Baƙar ta fi ƙarfi amma ta sha tafiya. Farar ta fi taushi amma tana shan mai. Kullum da magariba sai ya tayar da su a gindin bishiyar, ya kasa kunne, ya yi tsaki.

Matarsa Hajrija ta gaya masa ko kakarta ba ta tsayawa a gindin orah da almuru. Ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa.

Sai duwatsu suka fara sauka a kan rufi. Fitilun motocin suna kunna kansu. Ranar Alhamis 'yarsu Lamija ta faɗi a bakin ƙofa, idonta a buɗe, ba ta gane kowa.

Aka kira Malam Eshref, limamin ƙauyen. Ya daɗe yana karatu a kanta kafin wata tsohuwar murya ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce a gindin bishiyar suke cin abinci tun kafin a gina gidan, yanzu hayaƙi ya hana 'ya'yansu ci. Malam ya yi alkawarin zuba ruwan sukari a wurin, kamar yadda aka saba. Muryar ta ce bai isa ba.

"Mun gaji da mutumin nan. Ya fitar da ɗaya yanzu, mu bi ta mu bar masa 'yarsa."

Mensur ya tsaya da makullai biyu a hannu. Numfashin Lamija yana ja baya. Ya buɗe baki, ya fara cewa ita dai baƙar, in aka duba injinta...

"Baban Lamija, 'yarka ce fa a kwance," in ji Hajrija. Ta fizge makulli ɗaya ta jefa tsakar gida.

Ashe makullin baƙar ne. Fitilunta suka kama, suka mutu. Iska ta kaɗa ganye sau ɗaya. A lokacin Mensur ya gane baƙar yake so. Bai faɗa ba, don Lamija ta juyo tana neman ruwa.