Minti Huɗu Na Duhu

"Minti huɗu kawai, Abang Azrul! Huɗu!"

Marlina ta dire kyamararta a kan yashi, idanunta jajur.

"Fitilar kamun kifin sotong, in an kunna, ba a kashewa sai asuba," in ji saurayin nata, yana naɗe igiya. "Kifin watsewa yake. Haka muka gada."

"Duhun kai kuka gada! Ɗalibaina ba su taɓa ganin tauraro a saman tekun nan ba, koren haskenku ya cinye sama. Yau tashar sararin samaniya za ta gifta, da mutane a cikinta. Na yi musu alkawarin hoto!"

"Mutanen za su jefo mana shinkafa?" Pak Deraman ne, mahaifin Azrul, daga cikin jirgi.

Masunta suka kwashe da dariya.

Salmiah, wadda ta daɗe tana harin Azrul, ta taɓe baki. "Mai kallon sama ai tukunyarta ƙonewa take, Pak Deraman."

Azrul ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Shirun nan ya fi dariyar ciwo. Marlina ta zare zoben baiko, ta danna masa a tafin hannu.

"Wanda ya hana ni minti huɗu, ba zan ba shi rayuwata ba!"

Bayan magariba jirage suka jeru a teku, fitilu kore shar. Ta tsaya ita kaɗai a gaɓa, hawaye na zuba...

Takwas saura minti takwas, lokacin giftawar tashar ya yi.

Ɗif! Fitilar jirgi ɗaya ta mutu. Ta san na wane ne.

Abokan Azrul suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

Sai ga ɗigon haske daga yamma, yana tafe a natse, ko ƙyaftawa ba ya yi. Ta danna kyamarar.

Da safe Azrul ya sauko da kwando wayam, mahaifinsa na biye, yana huci.

"Malama, kin ja mana asarar dare guda!" in ji Pak Deraman.

Ta miƙa masa kyamarar. Farin layi ya ratsa sama, taurari birjik.

Tsohon ya daɗe yana kallo.

"Waɗannan ukun..." Ya nuna taurari uku a jere. "Da su ubana yake gane hanyar gida."

Ya juya ya tafi, yana goge ido.

Azrul ya buɗe tafinsa, zoben na ciki. "Hasken idona... hannunki."

"Minti uku da rabi ka ba ni," ta ce, tana harararsa. "Na ƙirga."

Amma ta miƙa yatsan.